Kiran Suna a Bakin Kogi: Taron Tsofaffin Ɗaliban Makarantar Jinya da Tarihin Kiwon Lafiya a Ƙasar Gaya

Gabatarwa

Daga cikin al'adun da karatun boko ya shigo da su ƙasar Nijar akwai guda wadda ta kafu har ta zama kamar gado, wato taron tsofaffin ɗalibai ƴan aji ɗaya. Mutanen da suka fita makaranta tare shekara talatin ko arba'in da suka wuce sai su tara ƴan kuɗi, su sa rana, su haɗu a garin da ɗaya daga cikinsu yake zaune. Akan iso ranar Juma'a da marece, a wuni tare ranar Asabar, a watse ranar Lahadi. Malaman makaranta suna yi, tsofaffin sojoji suna yi, ma'aikatan jinya ma suna yi. A kan waɗannan na ƙarshe ne wannan maƙala za ta yi magana, kuma za ta tsaya a Gaya, cikin jihar Dosso, inda Nijar ta haɗa iyaka da Binin da Najeriya.

Abin da ya fi sosa rai a irin wannan taro shi ne kiran suna. Wani yakan fito da tsohuwar takardar sunayen ajin, ya bi ta ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ake yi kowace safiya a makaranta. Wanda ke nan ya amsa, a yi dariya, a tuno masa sunan tsokanar da aka laƙaba masa. Wanda rashin lafiya ko nisa ya hana zuwa, a ba da labarinsa. Wanda ya riga mu gidan gaskiya, a yi shiru, a yi masa addu'a. Kowace shekara shirun yana ƙara tsawo. Duk sunan da ba a amsa ba ya tafi da wani yanki na tarihin kiwon lafiyar ƙasar nan wanda ba a rubuta ba, domin rahotannin ma'aikatar lafiya ƙidaya suke ajiyewa, ba su faɗin yadda aikin ya gudana a ƙauye. Wannan asara ce ta sa muka ga ya kamata malamai da ƙungiyoyin raya al'adu su san su wa ke zaune a wannan taro, da kuma abin da ke cikin kawunansu.

Asalin aikin a zamanin mulkin mallaka

Kafin zuwan Nasara, ƙasar Dandi tana da masu maganinta: wanzamai masu ƙaho da kaciya da cire beli, maɗora masu gyaran karaya, unguwar zoma, bokaye, malamai masu rubutu, da kuma Sarkawa masu maganin abin da ya shafi ruwa. Har yau suna nan. Abin da Faransawa suka kawo shi ne ma'aikacin lafiya mai albashi wanda gwamnati ke turawa inda ta ga dama.

A shekarar 1905 gwamna Roume ya kafa hukumar kula da lafiyar ƴan ƙasa a yankin Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Faransa. Likitocin Turawa, waɗanda akasarinsu sojoji ne, ba su da yawan da zai ishi ƙasashe masu faɗi haka, saboda haka a 1918 aka buɗe makarantar koyon aikin likita a Dakar. Tana yaye mataimakan likita, da masu haɗa magani, da unguwar zoma. Félix Houphouët-Boigny a can ya fita a 1925, haka nan Aoua Kéita ta Mali, wadda aka tura Gao aikin unguwar zoma a farkon shekarun 1930. Amma Dakar ta ƴan ƙalilan ce. Ma'aikacin da talakan Nijar ya fi sani shi ne wanda ya koyi aiki a gefen likitan Bature, ya fara da wanke gyambo da dafa allura, har ya kai ga riƙe ɗakin shan magani shi kaɗai. Shi ne ake kira majo, kuma sunan bai ɓace ba.

Akwai hanya ta biyu. Eugène Jamot, wanda ya yi yaƙi da ciwon barci a Kamaru, ya koyar da cewa kada a zauna jiran majinyaci, a bi shi har ƙauyensa. A kan wannan tsari ne Gaston Muraz ya kafa hukumar yaƙi da ciwon barci a Bobo-Dioulasso a 1939, wadda daga baya ta haɗa da kuturta da sauran manyan cututtuka, tare da makarantar horar da ma'aikata mai sunan Jamot. Waɗannan ma'aikata masu yawo sukan sauka gari, hakimi ya sa a tara jama'a, a yi layi, a lalubi wuyan kowa ana neman kaluluwa. Aikin ya ceci rayuka masu yawa, amma da tilas aka yi shi, da ɗan sanda a gefe. Tsoron da wasu tsofaffi ke yi wa allura da asibiti daga nan ya samo tushe, kuma ɗaliban da suka zo daga baya sun gaji wannan tsoro tare da farar rigar.

Gadar Gaya da darasin 1963

Gaya tana da nisan kilomita wajen 150 daga Dosso, wajen 300 daga Yamai. Shekaru da yawa ita ce ta kasance ƙofar Nijar zuwa teku, musamman tun da jirgin ƙasa daga Kwatano ya kai Paraku a 1936, aka kuma gama gadar da ta haɗa ta da Malanbil a 1958. Ta wannan hanya kaya suka riƙa shigowa, ta nan kuma ma'aikata suka riƙa shigowa, domin Dahome ta riga Nijar samun makarantu da nisa. A lokacin da aka sami mulkin kai ranar 3 ga Agusta 1960, ƴan Dahome da ƴan Togo ne ke riƙe da kujeru da yawa a ofisoshi da makarantu da asibitocin ƙasar.

A ƙarshen 1963, bayan kifar da gwamnatin Hubert Maga a Dahome, dangantaka ta lalace tsakanin ƙasashen biyu, rikicin tsibirin Lete ya taso, gwamnatin Diori Hamani ta sallami ma'aikata ƴan Dahome, dubban mutane suka tattara iyalansu suka bi ta Gaya suka koma gida. Maganar tsibirin ba ta ƙare ba sai ranar 12 ga Yuli 2005, da kotun duniya ta birnin Hague ta tabbatar wa Nijar shi. Amma darasin da ya shafi kiwon lafiya nan take aka gane shi: ƙasar da ba ta horar da ƴaƴanta ba, rigimar siyasa ta dare ɗaya tana iya barin ɗakunan maganinta ba kowa.

Makarantun ƙasa da suka ɗauki wannan nauyi su ne makarantar kiwon lafiya ta Yamai, wadda aka fi sani da ENSP, da takwararta ta Damagaram da aka sani da ENICAS kafin ita ma ta zama ENSP. A wancan zamani ana shiga da jarrabawa, gwamnati na ciyar da ɗalibi, kuma wanda ya fita yana da tabbacin aiki. Ɗan Gaya ya kwana ɗaki ɗaya da ɗan Agadas, ƴar Maraɗi ta raba kwano da ƴar Tera. Ranar yaye su kuwa sai a karanta inda aka tura kowa, kuma sau da yawa nesa da garinsu. A wannan rana ce ajin ke watsewa, wasu ba za su sake haɗuwa ba sai bayan ritaya. Wannan shi ne dalilin da taron nasu yake da nauyi: shekaru biyu ko uku suka zauna tare, shekaru talatin suka yi a warwatse, amma aiki ɗaya suka yi.

Cututtukan da suka ga bayansu

Wanda ya fita makaranta a tsakiyar shekarun 1960 ya tarar da agana tana kashe mutane, tana makantar da wasu, tana barin zane a fuskar waɗanda suka tsira. Daga 1967 aka shiga babban gangamin yi wa jama'a lamba a ƙasashe ashirin na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, haɗe da rigakafin ƙyanda, da wata na'urar allura da ake takawa da ƙafa. Zuwa 1970 agana ta ƙare a yankin, a 1980 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar ƙarewarta a duniya baki ɗaya. Yaran da ke ajinmu yau ba su san ta ba, sai dai tabon lamba a damtsen kakanninsu.

Ana gama wannan sai kwalara ta shigo Afirka ta Yamma a 1970, ta biyo kogi da kasuwanni. Sa'an nan fari da yunwar 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, lokacin da mutanen arewa suka gangaro kudu neman abinci da kiwo, domin ƙasar Gaya ta fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar. Ruwan da ya sa ta zama ƙasar rake da giginya da muruci shi ne kuma ya sa ta zama ƙasar sauro. Duk majon da ya yi aiki a Tanda ko Tunuga ko Bengu ya san watannin Agusta da Satumba, lokacin da yara masu masassara ke cika rumfar asibiti har a shimfiɗa tabarmi a waje.

Akwai kuma makantar bakin kogi, wadda wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda ke yaɗawa a inda ruwa ke gudu da ƙarfi, kamar rassan Mekuru da Tapowa. Shirin yaƙi da ita ya fara a 1974 a ƙasashe bakwai, har da Nijar da Binin, cibiyarsa a Wagadugu, ana feshin magani a koguna da jirgin sama, daga baya aka ƙara da raba ƙwayar Mectizan. An rufe shirin a 2002, kuma a watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijar ce ƙasar Afirka ta farko da ta kawar da wannan cuta. Kurkunu ma, wanda kan kwantar da manomi a tsakiyar damina, an ba Nijar shaidar rabuwa da shi a 2013. Waɗannan nasarori da sunan hukumomi aka rubuta su. Amma wanda ya hau babur ya bi ƙauyuka, ya lallashi mai gari, ya koya wa mata tace ruwa, ya tashi cikin dare ya duba ko firijin kananzir bai mutu ba don kada ruwan allura ya lalace, shi ne dattijon nan da ke amsa sunansa a taron Asabar.

Ma'aikacin jinya a kan iyaka

Aiki a Gaya yana da wani abu nasa na daban. A rana ɗaya majo yakan yi magana da Dandanci, da Zabarmanci, da Hausa, da Fulatanci, ya rubuta da Faransanci. Cikin masu jiran layi akwai ɗan Malanbil da ya ƙetaro gada, da matar da ta zo daga wajen Kamba a jihar Kebbi, da direban babbar mota da ya kwana huɗu yana jiran takardun kwastan. Ƙidayar da aka ba shi ta mutanen yankinsa ba ta taɓa dacewa da yawan waɗanda yake gani ba.

Cuta ma haka take bin hanyar. Sanƙarau, wanda likita Lapeyssonnie ya zana iyakar yankinsa a 1963, ya yi mummunar ɓarna a Nijar a 1995, sa'an nan a 1996 zuwa 1997 ya kama fiye da mutum 250,000 a Afirka, ya kashe wajen 25,000, arewacin Najeriya na cikin inda abin ya fi tsanani. Allurar MenAfriVac da aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010 ta karya lagon nau'in da ya fi yin annoba. Sai ga wani nau'in ya ɓulla a jihohin Sakkwato da Kebbi daga 2013, a 2015 kuma ya afka wa jihar Dosso da birnin Yamai, ya kama fiye da mutum 8,000, ya kashe fiye da 500. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da aka toshe gadar Gaya, mutane suka koma ƙetare kogi da jirgin ruwa, masu lafiya da marasa lafiya. Tsohon ma'aikacin da ya yi aiki a nan ya san wace kasuwa ce ke kawo ƙyanda, wane wata ne sanƙarau ke sauka, wane mai gari ne za a fara gani kafin a yi rigakafi. Irin wannan sani ba a koyar da shi a aji.

Shekarun wahala, da abin da ba a son faɗa

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. A taron tsofaffin ɗalibai akan yawaita yabon da, a ce a zamaninmu akwai horo, akwai tausayi, akwai magani kyauta. Mai neman tarihi dole ya saurara da kunne biyu. Gaskiya ne tun cikin shekarun 1960 Nijar ta fara horar da masu taimakon gaggawa da unguwar zoma na ƙauye a yankin Maraɗi, tun kafin taron Alma-Ata na 1978 ya mai da wannan manufar duniya. Amma gaskiya ne kuma maganin kyauta sau da yawa yakan ƙare tun kafin wata ya raba, kuma mafi yawan ƙauyuka ba su da ɗakin magani ko kusa.

Da kuɗin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, sai aka shiga tsuke bakin aljihu. Bayan shawarar Bamako ta 1987, aka gwada sa majinyaci ya biya wani abu, kuma ɗaya daga cikin wuraren gwajin a 1993 shi ne Boboye, cikin jihar Dosso. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, magani ya yi tsada, ma'aikata suka yi watanni ba albashi. A 2006 aka mai da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar da awon ciki kyauta, amma jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu ya bar majo tsakanin uwa mai riƙe da yaro da kantar magani wadda ba kome. Littafin da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka fitar a 2003, mai suna Une médecine inhospitalière, ya bayyana yadda ake wulaƙanta marasa lafiya a manyan birane biyar na yankin, har da Yamai: tsawa, fifita ɗan sani, karɓar na goro. Ƴan wannan aji sun rayu cikin wannan duka. Wasu sun riƙe amana, wasu sun kasa. Tarihin da zai amfani ɗaliban yau shi ne wanda ya tambaye su yadda mutum ke riƙe mutuncinsa a watan da ba albashi, da kuma yadda yake zubar da shi.

Madubi daga Filifin

Domin mu gane namu da kyau, mu dubi wata ƙasa inda irin wannan taro ya shahara ƙwarai. A Filifin, a ƙarƙashin mulkin Amurka aka buɗe makarantun jinya na farko, ta asibitin mishan na Iloilo a 1906, da Turanci da tsarin karatun Amurka. Shirin musayar baƙi na Amurka na 1948 da dokar shige da fice ta 1965 suka buɗe ƙofa, daga 1974 kuma gwamnatin Marcos ta mai da tura ma'aikata waje manufar ƙasa. Masaniyar tarihi Catherine Ceniza Choy ta bi diddigin wannan a littafinta Empire of Care na 2003. Sakamakon shi ne ajin da ya fita Manila ko Cebu a 1970 yakan yi taronsa a wani otal na Amurka ko Kanada, domin a can da yawa daga cikinsu suka yi aiki suka tsufa.

Namu ajin a cikin gida ya warwatse, daga Bilma zuwa Gaya, kuma ƙasar ta ci moriyar horon da ta biya. Su kuwa sun fi mu da abu ɗaya: ƙungiyoyinsu suna ajiye hotuna, suna buga littattafan tunawa, suna taimakon makarantun da suka yaye su, har masana suka sami abin rubuta tarihi da shi. Mu taronmu yakan ƙare da cin abinci da hoto da addu'a, kowa ya kama hanya.

Kammalawa

Muna da misalan da za mu bi. Aoua Kéita ta rubuta tarihin rayuwarta, Femme d'Afrique, a 1975. Damouré Zika, Basarke kuma ma'aikacin jinya, abokin Jean Rouch wanda ya fito a fina-finai irin su Jaguar, ya riƙa rubuta abin da ya gani a tafiye-tafiyensa, aka buga Journal de route a 2007, shekara biyu kafin rasuwarsa, kuma sunansa aka sa wa ENSP ta Yamai. Sauran dubban abokan aikinsu ba su rubuta ba, kuma da wuya su rubuta in ba an zauna da su ba.

Wannan aiki bai fi ƙarfin malamin makaranta ko ƙungiyar raya al'adu ta gari ba. Idan aka ji za a yi irin wannan taro a Gaya ko Dosso ko Dogon Dutsi, sai a nemi izinin dattawan, a je da wayar ɗaukar murya, a zauna da kowa shi kaɗai. A tambaye shi shekarar shigarsa da ta fitarsa, da jerin garuruwan da ya yi aiki, da annobar da ya gani, da sunayen cututtuka a harshen mutanen wurin, da yadda ya zauna da boka da wanzami da unguwar zoma. A ɗauki hoton takardar sunayen ajin, da littattafan darasi, da takardun canjin wurin aiki. Kada a manta da mata, domin unguwar zoma ta san abin da majo bai taɓa shiga ɗaki ya gani ba. A kiyaye sirrin marasa lafiya, kada a ambaci sunan kowa. A rubuta hirar cikin harshen da aka yi ta, a bar kwafi ɗaya a makarantar garin, a aika ɗaya cibiyar IRSH ko CELHTO a Yamai, waɗanda aikinsu ne adana tarihin baka. Ɗaliban kwaleji ma za su iya yin hirar, su koyi tarihi da kimiyya da ladabin magana da manya a zama ɗaya.

Wanda ya fita makarantar jinya a 1970 yana da shekara ashirin, yanzu ya haura saba'in da biyar. Ɗaliban da suka yi wa jama'a lambar agana saura kaɗan. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ƙara wa na raye lafiya, ya ba mu ikon zama da su tun suna amsa sunansu.